Maganin gyambo da jinin mai ciwo: Abin da ƙafar mahaifina ta koya mini

Mai karatu, idan kana cikin zauren WhatsApp na danginku, ina kyautata zaton bidiyo irin wanda ya shigo namu ya taɓa shigowa naku. Za ka ga an ɗebi jinin mutum a sirinji, an sa a wata na'ura mai juyawa, an fito da wani ruwa rawaya kamar man gyaɗa, an yi masa allura da shi a gwiwa ko an shimfiɗa a kan ciwo. Can sai a nuna mutumin ya miƙe yana tafiya yana dariya, a ƙasan hoton kuma ga lambar waya. Sunan abin PRP, kuma yanzu ana yin sa a asibitocin kuɗi da dama a Legas da Abuja. Ni na kusa zuba kuɗin da ya haura albashina na wata biyu a kansa, a lokacin da ba zai tsinana wa mahaifina komai ba. Bayan wata biyu da rabi kuma aka yi masa shi, a hannun wata likita daban, a lokacin da ya dace. Abin da ya faru a tsakani shi nake so in ba ka labari, ko Allah zai sa ya amfane ka ranar da ka tsinci kanka a inda na tsinci kaina.

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne a Agege. Ya sauka Legas tun kafin a haife ni, yana jin Yarbanci kamar a bakinsa aka yanka shi. Shekararsa 68, kuma shekara 12 ke nan da aka ce masa yana da ciwon suga, sai dai bai taɓa ɗaukar ciwon a bakin komai ba. In ya ji jiki ya sha ƙwayoyinsa, in ya ji garau ya ajiye su a saman firji. Shayinsa na safe kuwa sai an zuba sukari cokali uku, ga burodin Agege mai laushi a gefe.

Wata Juma'a cikin zafin watan Maris, masallaci ya cika har sahu ya fito kan titi. Baba ya tuɓe takalmi ya taka kwalta ya je ya shimfiɗa dardumarsa. Mutanen da ke kusa da shi suna ta ɗaga ƙafa saboda zafi, shi kuwa ko a jikinsa. Washegari Inna ta ga tabon ruwa a zanin gado, ta ɗaga ƙafarsa ta hagu, ta tarar da bororo ya fashe a tafin, daidai gindin babban yatsa. Ta tambaye shi ko yana masa zafi, ya ce ko kaɗan. Dukkanmu muka ce to alhamdu lillahi, ashe abin da sauƙi. Sai daga baya muka gane cewa rashin zafin nan shi ne babbar alamar haɗari, domin suga idan ya daɗe a sama yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa.

Muka yi irin abin da kowa ke yi. Inna ta riƙa gasa wurin da ruwan zafi. Mai kemis ya ba da kafso, ya ce a fasa a barbaɗa garin a kai. Wani abokin kasuwar Baba ya kawo ƙullin garin magani daga gida. Baba kuwa bai fasa zuwa shago ba ko rana ɗaya. Cikin mako uku bororo ya zama rami mai faɗin murfin kwalbar lemo, ƙafa ta kumbura, ɗaki ya fara wari. Na ce a tafi asibiti, Baba ya ce babu inda za shi. A layinmu akwai wani dattijo mai irin ciwonsa da aka kai asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya, kuma wannan hoton ne ya tsaya masa a rai. Ya ce mini, “Gara in koma ga Allah da ƙafafuna biyu.”

A wannan makon ne yayana da ke aiki a Fatakwal ya turo bidiyon. Bai jira na gama kallo ba ya kira ni. “Ka kai Baba wurin nan gobe-gobe, zan turo rabin kuɗin. Babu yanka, babu kwanciya. Jininsa ne za a mayar masa, ka ga ai babu wata illa.” Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Kalmar “babu yanka” kaɗai ta isa ta sa Baba ya yarda ya shiga mota.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye maka ba. Ga sanyin na'ura, ga kujeru masu laushi, ga hotunan mutane kafin magani da bayan magani a jikin bango. Wani matashi cikin farar riga ya ɗaga bandejin, ya leƙa ciwon, ya mayar ya rufe. Duka-duka bai yi minti biyu ba. Bai auna suga ba, bai taɓa ƙafar ya ji ko jini na gudana ba, bai tambayi magungunan da Baba ke sha ba. Ya ce zama uku za a yi, a biya gaba ɗaya, kuma in muka biya a ranar akwai ragi. Na riga na ciro waya zan tura kuɗi, sai Baba ya dafa hannuna ya ce wa matashin za mu je mu yi shawara.

A cikin mota raina a ɓace na ce, “Baba, ka ƙi asibitin gwamnati, nan ma ka ƙi, to yaya kake so mu yi?” Ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce, “Shekara arba'in ina sayar da goro. Duk wanda ya ce maka ka biya yau-yau kafin ka buɗe huhu ka duba, to goronsa ya fara ruɓa.” Ranar ban ji daɗin maganar ba. Yau ina ganin ita ce ta tsare masa ƙafarsa.

Wadda ta karya taurin kan Baba wata maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta shigo gaida shi, tun daga bakin ƙofa ta ji warin, ta zauna ta yi masa faɗa da Yarbanci na kusan rabin awa. Abin da ta nanata shi ne, waɗanda ake yanke wa ƙafa yawancinsu waɗanda suka makara ne. Washegari da asuba muna layin karɓar kati a asibitin koyarwa.

Likitar da ta gan mu ta fi minti arba'in a kan ƙafar nan. Ta laluba bugun jijiya a bayan ƙafa da gefen idon sawu. Ta ɗauko wani siririn zare kamar na fatsa tana taɓa tafin, ta ce Baba ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Wurare da yawa bai ji ba. Ta zura wani ɗan ƙarfe a ramin don ta ji ko ya kai ƙashi, ta tura mu hoton ƙashi da awon gudun jini a jijiyoyin ƙafa. Aka yi gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku, ya nuna 11, alhali ana so mai ciwon ya riƙe shi a wajen 7. Labari mai daɗi shi ne ciwon bai kai ƙashi ba, kuma jini yana isa ƙafar gwargwado. Labari mara daɗi, ƙwayoyin cuta sun kama wurin sosai, dole a ba shi gado.

A nan na nuna mata bidiyon. Na zaci za ta ce ƙarya ce, sai ta ce maganin gaskiya ne, su ma suna yi wa wasu majinyata, sannan ta ja takarda ta zana mana yadda yake. Jini, in ji ta, ruwa ne da ke ɗauke da ƙwayoyi iri uku: jajaye masu kai iska ga sassan jiki, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana ƙwarai masu daskarar da jini. Waɗannan na ukun a ɓargo ake yin su, suna rayuwa kwana bakwai zuwa goma, kuma mai lafiya yana da tsakanin 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon jinin da bai wuce kan allura ba. Idan ka yanke, su ne ke fara isa wurin su toshe ɓarakar. Bayan toshewar kuma suna sakin wasu sinadarai da ke kiran jiki ya zo ya yi gini, ya fito da sababbin ƙananan jijiyoyin jini da sabon nama da sabuwar fata. Abin da ake yi a PRP shi ne a ɗebi jinin mutum kamar cokali biyu zuwa huɗu na cin abinci, a juya shi da ƙarfi a na'ura na 'yan mintuna. Jajayen ƙwayoyi sun fi nauyi, sai su kwanta a ƙasa, ruwan jinin ya taso sama. A cikin wannan ruwan ake tattara ƙwayoyin daskararwar har su ninka yawansu na asali sau uku zuwa biyar, sai a mayar da su inda ake so ya warke.

Baba da ya yi shiru yana saurare ya ce, “Wato dai taki ne.” Likita ta yi dariya ta ce ba ta taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba. Ta ce, “To Alhaji, gonarka yanzu ciyawa ta cinye ta, kuma kullum shanu suna bi ta kai. In na zuba taki yau, ciyawar zan ciyar.” Ciyawa ita ce mataccen nama da ƙwayoyin cuta. Shanu kuwa nauyin jikinsa ne da yake ɗora wa ciwon duk takun da ya yi. Ta ce ba a sa PRP a ciwon da ke da mugunya, kuma duk wanda ya karɓi kuɗinmu ya yi haka, lokaci zai ɓata mana, lokacin da ƙwayoyin cutar ke buƙata su isa ƙashi.

Kwana tara Baba ya yi a kwance. An kankare mataccen naman, wanda shi ne kawai “yankan” da aka yi masa, an sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, an ɗora shi a kan allurar insulin. Da aka sallame mu aka ba shi wani takalmi mai kauri irin na masu karaya, wanda ke ɗauke nauyi daga wurin ciwon, aka ce daga gado sai banɗaki. Mai karatu, a nan ne aikin ya koma kanmu, kuma ya fi biyan kuɗi wuya nesa ba kusa ba. Inna ta rage malmalar tuwo ta ƙara ganye da wake da kifi, shayi ya koma babu sukari, Baba ya yi kwana uku yana amsa mata gaisuwa da ka. Mun kama shi ya aiki jikansa sayen lemon kwalba a ɓoye. Ƙanena ya karɓi shago, amma kullum da yamma sai Baba ya tsare shi da lissafi kamar ɗan sanda.

Duk mako muna komawa a wanke ciwon a auna shi da rula. A mako na huɗu likita ta buɗe bandeji ta dubi Baba ta ce, “Alhaji, ka je kasuwa.” Ya fara musu, ta nuna masa gefen ramin da ya yi kanta, ta ce, “Ƙafarka ce ta tona maka asiri.” Ashe sau biyu ya saɓa takalminsa na da ya hau babur ya je ya ga kaya sun sauka daga Shagamu. Tun daga ranar na ɗauke duk takalmansa na kai gidana. Zuwa mako na shida wari ya tafi, kumburi ya saɓe, suga ya sauko, ramin da ya fara da faɗin santimita uku ya koma ɗaya da rabi, naman ciki ya yi ja mai kyau.

A waɗannan makonni na zaman jira a benci ne na karanta abin da na iya samu a kan maganin. Ashe ba sabon abu ba ne. Wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Jami'ar Miami ta Amurka, Robert Marx, ya wallafa aikinsa a 1998 kan amfani da shi wajen dashen ƙashi a muƙamuƙi, kuma daga nan likitocin haƙori suka rungume shi. Abin da ya yayata shi a duniya shi ne 'yan wasa. Da aka ji irin su Tiger Woods da Rafael Nadal sun yi, kowa ya so ya yi. Har hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta taɓa hana allurarsa a cikin tsoka, kafin ta janye haramcin a 2011.

Sai dai shaharar magani daban, abin da gwaji ya nuna daban. A Ingila an gwada shi a kan mutum 230 da agararsu ta tsinke, rabi aka yi musu PRP, rabi aka soka musu allurar da babu komai a ciki, kuma majinyatan ba su san wanda aka yi musu ba. Sakamakon da mujallar BMJ ta fitar a 2019 ya nuna babu bambanci a tsakaninsu. A Ostireliya an yi irin wannan a kan mutum 288 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, aka kwatanta shi da allurar ruwan gishiri. Bayan shekara guda, kamar yadda mujallar JAMA ta wallafa a 2021, raguwar ciwon kusan ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Ka lura da wannan da kyau: waɗanda aka yi wa ruwan gishiri ma sun ce sun ji sauƙi. Shi ya sa shaidar mutum ɗaya a bidiyo ba ta isa hujja ba, ko da gaskiya yake faɗa.

Inda maganin ya fi samun goyon baya shi ne irin ciwon Baba. A 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Birtaniya da Denmark da Sweden a kan mutum 269 masu gyambon ƙafa na ciwon suga. An yi amfani da wani ɗan faifai da ake haɗawa daga jinin majinyacin, ɗan'uwan PRP ne na kusa. Cikin mako 20, kashi 34 cikin 100 na waɗanda aka sa wa faifan sun warke, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 22. Wannan ƙari ne na gaske, amma duba lissafin ta ɗaya gefen: ko da faifan, kusan biyu cikin uku ba su warke ba a wannan wa'adin. Kuma duk waɗanda aka sa a gwajin sai da aka ba su cikakkiyar kulawa ta mako huɗu aka ga ciwon ya ƙi raguwa yadda ake so, sannan aka ƙara musu shi. A Amurka, tsarin inshorar lafiyar tsofaffi na Medicare ya amince a 2021 ya riƙa biyan kuɗin PRP ga gyambon masu ciwon suga da ya ƙi warkewa, na tsawon mako 20.

Haka kuwa aka yi da Baba. Daga mako na shida zuwa na goma ciwon ya tsaya cak, rula tana nuna abu ɗaya. Likita ta sake duba komai, ta tabbatar babu ƙwayoyin cuta, suga yana daidai, jininsa bai yi ƙasa ba, sannan ta ce yanzu gona ta yi shara, za a iya gwada taki. Ta faɗa mana a fili cewa yana iya taimakawa, yana iya kuma ƙin yin komai, ta faɗi kuɗin kowane zama, ta ce a biya ɗaya bayan ɗaya, in an yi uku babu canji a dakata. A gabanmu aka buɗe sabuwar allura da sabuwar kwalba, aka rubuta sunan Baba a jiki. Bayan an juya jinin aka haɗa ruwan da wani sinadari, ya yi kauri kamar kamu, aka shimfiɗa a ramin aka rufe. Duk abin bai kai awa ɗaya ba. Sau biyar aka yi, mako-mako. Bayan zama na biyu gefen ramin ya fara matsowa, kuma a mako na bakwai da farawa fata ta rufe.

Yayana ya kira yana murna, “Ka gani ko? Ai tun farko na faɗa.” Na ce, “Yaya, ka faɗi sunan magani daidai, amma da mun yi shi ranar da ka ce, da wani labarin muke yi yanzu.” Ita kanta likitar da Baba ya yi mata godiya a kan “maganin jini”, cewa ta yi ya raba godiyar, ya ba Inna kaso mafi tsoka saboda tukunyarta, ya ba takalmin nan da ya tsana nasa kason.

Tun da labarin ya bazu a unguwa mutane ke tare ni da tambaya. Wata 'yar'uwar matata da aka yi wa tiyatar haihuwa ta tambaya ko ta je a yi mata don ɗinkin ya yi saurin kamewa. Amsar da likita ta ba mu ita ce, yankan tiyata a jikin mai lafiya yakan haɗe da kansa cikin kamar mako biyu in an kiyaye tsabta an ci abinci mai gina jiki. Gwaje-gwajen da aka yi na sa PRP a yankan tiyata ƙanana ne, sakamakonsu ya sha bamban, shi ya sa ba a mai da shi ƙa'ida ba. Idan ɗinki ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ya buɗe, ko zazzaɓi ya zo, wurin wanda ya yi aikin za a koma a ranar.

Maganar yayana ta cewa “jininsa ne, babu illa” ita ma tana buƙatar gyara. Gaskiya ne jiki ba ya ƙin jininsa, kuma a hannun ƙwararru illar ba ta cika wuce zafi da ɗan kumburi na kwana biyu ba. Haɗarin yana wurin hannun da ya taɓa jinin da kayan da aka zuba shi. A jihar New Mexico ta Amurka, hukumomi sun rufe wani shagon gyaran jiki mara lasisi a 2018, inda ake yi wa mata PRP a fuska don kwalliya. An tarar da kwalaben jini babu suna a firjin kicin tare da abinci. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton cewa aƙalla mata uku sun kamu da cutar HIV ta dalilin wurin. Ina faɗa maka wannan ne domin na fara ganin tallan irin wannan kwalliya a wayoyin matanmu da 'yan matanmu.

Saboda haka in an yi maka tayin wannan magani, ga abin da zan so ka tambaya kafin ka ciro kuɗi. Wane ne zai yi, likita ne mai rajista da hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN? In a Legas ne, wurin yana da rajistar HEFAMAA? An gano dalilin da ya hana ciwon warkewa, an auna suga, an duba gudun jini, an tabbatar babu ƙwayoyin cuta? Wane magani aka fara gwadawa kafin a zo kan wannan? Da me za a auna ko yana aiki, kuma bayan zama nawa za a dakata in bai yi ba? A gabanka za a buɗe kayan a rubuta sunanka? Kai ma ka faɗi naka: in kana shan asfirin ko maganin tsinka jini, ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ka sanar, domin suna taɓa aikin ƙwayoyin daskararwar, amma kada ka daina wanda likita ya ɗora ka a kai sai da izininsa. Mai ƙarancin jini, ko sikila, ko wata cutar jini, ko ciwon daji, ya fara jin ta bakin likitan da ke kula da shi. Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

In kuma akwai mai ciwon suga a gidanku, ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum. Kada ya taka ƙasa babu takalmi, ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, a taɓa ruwan wanka da hannu kafin ya tsoma ƙafa. Bororo ko tsagewa komai ƙanƙantarsa, ko da ba ya zafi, a kai asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu.

Baba ya koma shago. An gaya mana wurin da ya taɓa yin gyambo yana iya sake buɗewa, don haka yanzu takalmi mai rufi da laushin ciki yake sawa, ranar Juma'a kuma da wuri yake tafiya don ya sami wuri a inuwa. Kowane dare bayan Isha'i yakan miƙe ƙafa a kan kujera, Inna ta kunna fitilar waya ta bi tafin da yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci yana mita, yana cewa an mai da shi jariri, amma bai taɓa janye ƙafar ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya haɗa mu da masu magani na gari.